Haƙoran Mala Mai Birgi

"Danne shi da kyau," in ji Safiyanu wanzam. "In ya motsa, harshensa zan ƙona."

Badaru ya ɗora gwiwa a ƙirjin Mala, maƙwabcinsa, ya riƙe kansa kamar akuyar da za a yi wa ɗure. Wanzam ya cusa guntun ice tsakanin muƙamuƙansa, ya zaro tsinken sakiya daga garwashi, ja wur, ya luma a dasashin da ya kumbura. Ƙauri ya tashi. Mugunya da baƙin jini suka yi tsartuwa har gaban rigar Badaru. Mala ya yi gurnani, ya tauna icen har ya dare, ya cafki yatsan Badaru. Da ƙyar aka ɓamɓare bakin, sai ga haƙori guda ya biyo yatsan ya faɗo kan tabarma.

Abin ba yau ya fara ba. Duk masuncin da ke fadamar nan ya san cewa da haƙori Mala yake matse dalma a bakin birginsa, komar da yake jefawa, da shi yake tsinke zare. Filaya kuwa, a wurinsa, kayan raggaye ce. Shekara da shekaru zaren na fitowa daga bakinsa da ja, ya ce goro ne. Bakin ya soma wari har na kusa da shi a sahun sallah kan kau da kai, ya ce kifi ne. Mutum ne mai kirki, amma taurin kansa ya isa ya fasa turmi.

Da rani Badaru ya lallaɓa shi ya kai shi asibiti cikin Haɗeja. Ma'aikaciyar haƙori ta nuna musu a madubi yadda dasashin ya janye ya bar saiwa a waje, da dattin da ya daskare a gindin haƙoran, ta ɗan danna mugunya ta ɓullo. Ta ce za a kankare, a wanke, a ba shi magani, sai dai biyun gaba da ke girgiɗi dole a cire su. Mala ya fizge ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya ya diro daga kujera.

"Da me zan matse dalma? Da dasashi?"

Bai ƙara komawa ba. Da damina ta yi nisa, ambaliya ta cinye hanyar mota, kumatunsa ya haye, shi ya sa Badaru ya nemo wanzam, don ya rasa yadda zai yi da nishin da yake jiyowa ta katanga.

Safiyanu ya goge tsinkensa ya ce mugun jini ya fita, gobe warhaka Mala na cin tuwo.

Washegari da hantsi 'Yar'azumi, matar Mala, ta shigo gidan Badaru ko sallama babu. Badaru ya bi ta zuwa wurin Mala. Kumburin ya gangaro ƙasan haɓa, wuyan ya yi tauri kamar ice, harshe ya turo, yawu na dalala. Mala na zaune jingine da bango, don in ya kwanta numfashi ɗaukewa yake yi. Wanzam ya riga ya iso, har ya hura wuta, wai yau a wuya zai yi sakiyar. Zuciya ta ɗebi Badaru. Ya yi fatali da kaskon garwashin, ya shaƙe Safiyanu ya buga shi da ƙyaure har leɓensa ya fashe, sannan ya saɓi Mala a kafaɗa sai bakin ruwa, 'Yar'azumi na biye, don su kai shi asibiti a kwalekwale.

Ciyawar kacalla ta toshe mashigi. Badaru ya riƙa sara da adda yana tura kwalekwale da gwangwala, ganyen na yanka masa hannu, tsoro na cin sa. Suna tsakiyar ciyawar numfashin Mala ya koma kamar fito. Ya zabura, ya kafa farce a maƙogwaronsa yana yagar fata, ya shure 'Yar'azumi ta bugu da gefen jirgi, ruwa ya kwararo ciki. Badaru ya yar da gwangwala ya rungume shi ta baya, yana laƙanta masa kalmar shahada a kunne. Ƙafafun suka yi ta dukan katako, suka rage, suka daina.

"Malam Badaru," in ji 'Yar'azumi a hankali, jini na bin goshinta, "rufe masa bakin."

Badaru ya shafe masa ido. Ya yago ƙyalle daga gefen rigarsa don ya ɗaure haɓar, ya zagayo da shi, bai kai ba. Ya sake yago wani ya ƙulla su, ya ɗaure a tsakar kai. Kwalekwalen na ta juyawa a hankali cikin kacalla, ba wanda ya ɗauki gwangwala.