Watan Da Usta Mitwalli Ya Yi Shiru

Duk masana'antar kujeru da gadajen nan ta garin Dumyat babu mai murya irin ta Usta Mitwalli, shugaban masu yankan katako. In ya daka tsawa, har masu fenti a can baya sai sun zabura. Da tsawa yake gaisuwa, da ita yake zagi. To, ranar da ya kira wani sabon kafinta jaki a gaban baƙi, magana ta kai ofis.

Madam Nihad, mai kula da ma'aikata, ba ta kore shi ba. Ta zaunar da shi, ta ce an tsara masa shirin gyaran hali: wata guda ba ɗaga murya, duk ranar Alhamis su zauna su duba. In ya karya, ya kwashe komatsansa.

"Madam, injin zarto fa ba ya jin raɗa."

"Ba da inji za ka yi magana ba, Usta. Da mutane."

Ya sa hannu. Mutum da furfura, ga 'ya'ya mata a makaranta, wa zai sake ɗaukarsa aiki?

Wallahi watan nan ya ga ta kansa. Ya cika aljihu da soyayyun 'ya'yan kankana, da ya ji tsawa ta taso sai ya watsa su a baki. Ya kasa zaune, ya kasa tsaye, ya je nan ya dawo can, shayi na hucewa a hannunsa. Kafintocin kuwa, 'yan banza, sun samu abin wasa.

"Usta, yau kuma amarya aka kawo mana?" in ji Shukri mai zarto, abokinsa tun suna samari. "Ɗaga murya mana, ba ma ji."

"Bari wata ya cika," ya ce ƙasa-ƙasa. "Har kakarka sai ta ji ni a kabari."

Alhamis ta ƙarshe Madam ta sauko da kanta, ta tsaya a gefen Mitwalli tana kallon aiki. Can ƙarshen rumfa Shukri na tura katako, ya waiga yana tsokanar wani. Hannun rigarsa da ya naɗe ya warware, yana lilo kusa da haƙoran zarto.

Mitwalli ya gani. Tsawar ta taso har maƙogwaro. Sai ya dubi Madam. Kallo ɗaya ne, amma ya yi shi. Ya haɗiye, ya taka da sauri yana cewa a hankali, "Shukri, rigarka."

Inji ya riga shi. Ihun da ya cika rumfar na Shukri ne.

A barandar asibiti Madam Nihad ta same shi yana kaiwa yana komowa, idanunta jajur. Ta ce, "Da ka yi ihu, Usta, babu wanda zai ga laifinka." Ya juya ya ci gaba da zirga-zirgarsa. Aikinsa ya tsira, kuma bai taɓa tsanar kansa irin na ranar ba.

Da aka bar shi ya shiga, Shukri na kwance, an naɗe hannun dama, yatsun sun tafi. Ya daɗe yana kallon Mitwalli.

"Ka gani, ko?"

"Na gani."

"Tun muna samari nake shan tsawarka a kan banza," in ji Shukri. "Yau kaɗai na buƙace ta."