Sawun Gwadabe a Tafkin Marke

Shekarar da aka samu mulkin kai kowane gari ya samu rabonsa. Wasu famfo, wasu makaranta. Unguwar Marke, can bayan Kudan, Gwadabe ta samu.

Shekara tara ya yi a Kaduna yana goge wa wani Bature takalma. Da Baturen zai koma gida sai ya bar masa sandar fatsa mai ƙarfen naɗe igiya, da takalman roba masu kaiwa har cinya. Da su ya sauka daga motar Zariya, wata biyu bayan rasuwar ubansa Lawal, Sarkin Ruwan garin.

Sarautar ba wata babba ba ce, iyakarta tafki ɗaya da buɗe su, wato kamun kifin gayya, sau ɗaya a shekara. Amma tun kakan kakansa take gidansu, kuma Gwadabe yana sonta har cikin ransa, don ita ce kaɗai abin da uban ya bari da ba a raba gado da shi ba. Matsalar ita ce Tukur, wani manomi marar magana da ya yi shekara ashirin yana riƙe wa marigayin gora a ruwa. Dagaci bai son rigima, sai ya yanke hukunci: ranar su, wanda ya fi kawo karfasa kafin kiran azahar, shi za a naɗa.

Ana gobe su, Gwaggo Indo, ƙanwar ubansa, ta same shi a zaure yana shafa wa takalman man gyaɗa.

"Gwadabe, ubanka fa bai taɓa wuce gwiwa a ruwan nan ba. Ƙafa ba takalmi yake shiga. Ka manta yadda ya nuna maka?"

"Gwaggo, wancan zamani ne. Yanzu ilimi ya zo. Babban kifi ai ba ya zama a bakin ruwa kamar kwaɗo, tsakiya yake."

"To, Allah ya ƙara ilimi," in ji ta, ta ɗauki ƙwaryarta.

Abin da take nufi kowace tsohuwa a garin ta sani. Karfasa a gefen tafki take haƙa gurbinta, cikin ciyayi, inda ruwa bai kai gwiwa ba. In aka dama ruwan ta firgita, ba ta gudu zurfi, sai ta nemi rami ta lafe, kuma ramin da ya fi mata kusa shi ne sawun mutum a cikin laka. Masunci yakan taka ya wuce, ya juyo ya bi sawunsa a hankali, tafin ƙafarsa na lalube. Da ya ji motsi sai ya danne, ya sunkuya ya ɗauka.

Da hantsi aka buga ganga. Gari ya watse cikin ruwa da homa da kwanduna. Gwadabe bai yi gaggawa ba, don mai kayan Ingila ba ya rububi da talakawa. Ya sa takalmansa, ya saɓa sanda, ya shiga neman wurin da ya dace da shi. Nan bai yi ba, can ma bai yi ba. Ya zagaye kusan rabin tafkin ta gefe, kowane taku takalmin na nutsewa yana fitowa da ƙara, yana barin rami kamar na turmi. Ya lura Tukur na biye da shi daga nesa, yana sunkuyawa yana miƙewa. Tausayi ya kama shi. Bawan Allah, ko hanyar kansa ba shi da ita, sai ya bi ta mai ilimi.

Daga ƙarshe ya samu inda ruwa ya kai masa cinya, ya wurga igiya can tsakiya yadda ya ga maigidansa na yi, ya tsaya. Mata a bakin gaɓa suka yi ta kallo, don gaskiya tsayuwar ta yi kyau. Rana ta take. Gumi ya taru a cikin takalman. Sau ɗaya igiyar ta yi nauyi, ya naɗo da ƙarfinsa, sai ga tushen bado.

Da rana ta kusa karkata ya waiga. Gorar Tukur ta cika, har ya tuɓe riga ya ɗaure hannuwanta ya mai da ita jaka. Sai a lokacin Gwadabe ya ga inda yake sunkuyawa: layin nan ne dai, ramukan nan ne dai, nasa.

Ya taho gefe yana jan ƙafa, ya zauna a laka ya yi ta kokawa da takalman har suka fita. Ya miƙe, ya sa tafin ƙafarsa cikin sawun farko. Sanyin lakar ya ratsa shi, ya tuno hannun ubansa riƙe da kafaɗarsa yana cewa a hankali, a hankali. A sawu na uku wani abu ya motsa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya danne, ya sunkuya, ya ɗago karfasa mai faɗin hannu biyu tana fisge-fisge. Idonsa ya cika da hawaye, ya buɗe baki zai kira Dagaci.

Ladan ya riga shi, ya kira azahar.

A gindin marke aka zube kifi. Na Tukur ba a tsaya ƙirgawa ba. Dagaci ya dubi guda ɗayan Gwadabe, ya ce ba laifi, ƙatuwa ce. Gwaggo Indo ta shiga gida ta fito da homar marigayi, ta miƙa wa Tukur ba tare da ta dubi ɗan wanta ba.

Tukur ya ƙaraso har inda Gwadabe yake, ya russuna, kuma abin da ya fi ciwo shi ne ba gatse yake yi ba.

"Ɗan maigida, Allah ya saka da alheri. Shekara ashirin ina ruwan nan ban taɓa ganin sawu irin naka ba. Don Allah baɗi ma ka zo da takalman."