Kwana Uku a Ƙarƙashin Amya

Shekara biyu ke nan Uwaisu mai zuma yana zaune a wani ɗakin aro kusa da shingen boda a Jibiya, shi da matarsa Ma'u. 'Yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu, Tungar Marke, can bayan Bugaje. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ɗora amya a kan itace, ga shi yanzu yana wuni yana kallon manyan motoci masu zuwa Maraɗi. Ba wanda ke tambayarsa komai. Ita kuwa Ma'u tari ya kama ta tun damina, ya ƙi sakinta.

Ran nan mai unguwa ya yi shela cewa ma'aikata za su zo su yi wa masu cin abinci daga daji rajista: masu zuma, masu ɗiban ƙaro, masu yankan kaba. Duk wanda aka rubuta, shi da iyalinsa za su sami katin asibiti kyauta.

Uwaisu ya dubi ɗakin, ya dubi kansa. Wa zai gan shi nan tsakanin masu faci da masu sayar da fetur a kwalba ya yarda mutumin daji ne? A saninsa, mai zuma a gindin amyarsa ake shaida shi.

"Tunga zan tahi," ya ce wa Ma'u. "Su iske ni wurin aikina."

"Malam, wa ya rage can?"

"Ƙudan zuma na nan."

Taurin kan Uwaisu kuwa ba yau aka fara ba. Da sassafe ya kama hanya a ƙasa.

Ya tarar da ƙauyen ciyawa ta cinye, ko kaza babu. Amyoyinsa bakwai sun ruɓe sun faɗo, biyu ne kawai ke da rai. Ya share gindin itacen marken da suke kai tas, ya shimfiɗa buhu saboda baƙi, ya yi hayaƙi ya ɗebo musu saƙar zuma a ƙwarya. Sannan ya zauna yana fuskantar hanya.

Ya yi salla shi kaɗai a masallacin da ba rufi. Kaɗaici ya dame shi har ya riƙa yi wa ƙudan zuman hira, yana ba su labarin tarin Ma'u. Duk ƙarar da ya ji sai ya miƙe ya gyara hula, ashe iska ce. A rana ta uku garin guzurinsa ya ƙare, ya rufe ƙwaryar ya juyo.

Ya sami Ma'u kwance a kan tabarma, ta ƙara ramewa.

"Ba su zo ba," ya ce.

"Sun zo, Malam. Shekaranjiya, har bakin ƙohwar ga. Kowa na layin nan an rubuta shi."

Uwaisu ya ajiye ƙwaryar a hankali.

"Na hwaɗa masu ka tahi jiransu daji. Babbansu ya riƙe baki, ya ce su ba a barinsu su sauka daga kwalta."

"To ke fa? Sun rubuta ki?"

"Sun ce sai maigida ya dangwala yatsa."

Ya zauna a bakin tabarmar. A waje wata tirela ta yi hon, aka ɗaga mata shinge ta wuce.

"Yaushe za su dawo?"

"Na so in tambaya," in ji Ma'u. "Tari ya sarƙe ni. Kafin ya sake ni sun kai gida na gaba."