Ƙusoshi Huɗu a Bangon Mai Kitso

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, in kuwa ya haɗu da tsoron dariyar abokai sai ya zama wuƙa. Laifin Kafinta ke nan, kuma ranar da yake buga ƙusa ta huɗu ya riga ya aikata shi.

"Ƙara yin ƙasa da ita," in ji uwarsa. "Hannuna ba ya kaiwa."

Kafinta ya cire ƙusar daga bakinsa, ya sauke ta taƙi guda ƙasa da ta uku, ya doka. Igiyar shanya ce yake gyarawa. Ta taso daga ƙofarsu ta ratsa tsakar gida ta ƙare a bangon maƙwabciyarsu Mai Kitso, wadda take zaune a kan tabarma, tsinken kitso a hannu, tana kallo.

"Doguwa," in ji Mai Kitso, "igiyar nan ce take hawa sama ko ke ce kike shiga ƙasa?"

"Ke dai bakinki ba ya hutu," in ji tsohuwar, ta yi dariya, dariyar ta soke ta a gadon baya, ta dafe bango.

Doguwa ake ce mata tun tana amarya, don ita ce mai ɗauko wa mata kaya daga saman kabad. Shekara talatin suna ƙofa da ƙofa da Mai Kitso. Yanzu ga ta, haɓarta na neman ƙirjinta.

"Tsufa ne," in ji Kafinta yana saka guduma a aljihu. "Itace ma in ya daɗe lanƙwasa yake."

Mai Kitso ta bi shi da ido har ya fita. Ta san ba tsufa ba ne kaɗai, don da ita aka je wurin likita.

Shekara uku da suka wuce Doguwa ta dafa ƙofa don kada ta zame, sai wuyan hannu ya karye kamar kara. Aka ɗauki hoton ƙashinta. Likitar, wata mace mai magana a hankali, ta ce tun da al'ada ta ɗauke mata, sinadarin da yake tsare ƙashin mace ya ragu, ƙashin ya zama kamar katakon da gara ta ci ta ciki, waje lafiya, ciki fanko. Ta lissafa musu hanyoyi. Akwai maganin da yake mayar da sinadarin, amma ta ce shekarun Doguwa sun wuce lokacin da ya fi dacewa a fara shi. Akwai ƙwaya ta mako-mako, a sha da safe kafin a ci komai, da kofin ruwa cike, kada a kwanta sai bayan rabin awa. Doguwa ta gwada, ƙwannafi ya hana ta sakat. Sai aka koma allura, sau ɗaya duk wata shida.

"Amma ku ji ni da kyau," likitar ta ce, tana rubutu a bayan katin asibitin Doguwa. "Allurar nan ba a barin ta haka kawai. In za a daina, sai an sa wani magani a madadinta. In ba haka ba, ƙashin baya zai rugurguje fiye da da."

Allura huɗu Doguwa ta yi, kuma a shekara biyun nan igiya ba ta sauka ko da yatsa ɗaya ba.

Sai ranar da Kafinta ya bar katin a kan teburin shagonsa. Wani abokinsa mai fenti ya tambaye shi na mene ne. Kafinta ya fara bayani da rabin abin da ya ji, ya ce wai wani sinadari ne na mata ya ƙare mata.

"Au, maganin mata!" in ji mai fenti, ya tafa. "Tsohuwa ta ƙi tsufa! Wane mai sa'a ne za a kawo maka ya zama babanka?"

Shago ya ɗauki dariya. Sati guda duk wanda ya shigo sai ya tambayi Kafinta ko an sa rana.

Mai Kitso tana bakin ƙofarta ranar da ya dawo yana huci. Ta ji muryarsa ta taga.

"Inna, kin mayar da ni abin dariya a titi. Mace mai jika ta rasa abin yi sai allurar maganin mata?"

"Na ƙashi ne, ɗan nan."

"Duk ɗaya ne! Ni na ji abin da likitar ta ce."

Ya yaga katin gida huɗu ya watsa a kwandon shara. Da ya tafi, Mai Kitso ta tsince guntayen, ta shiga wurin ƙawarta.

"Tashi mu je. Ni zan kai ki, ba sai ya sani ba."

"Ɗa ɗaya gare ni," in ji Doguwa. "Ba zan sa a yi masa dariya ba. Kuma ki yi mini alkawari, maganar nan ba za ta fito daga bakinki ba."

Mai Kitso ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi fushi na kwana uku. A ƙarshe ta yi alkawarin, wanda har gobe take cizon yatsa a kansa.

Wata biyu bayan ƙusa ta huɗu, Doguwa ta yi atishawa tana shanya, wani abu ya ce ƙas a bayanta, ƙafa ta kwashe, ta faɗi a kan ƙugu. Ƙugun ma ya tafi. Kwana goma sha tara ta yi a gadon asibiti, ƙirji ya cika da majina don ba ta iya juyawa. Mai Kitso ta zo da safiyar ƙarshe ta tsefe mata kai, ta yi mata kitso guda biyu manya, don kan ba ya jure ja.

"Ki sassauta," in ji Doguwa. "Hannunki kamar na ɗan dambe."

"Shekara talatin kina faɗin haka, kina dawowa."

Kafin rana ta take, ta cika.

Masu ta'aziyya suka cika tsakar gida. Kafinta yana karɓar gaisuwa yana cewa, "Tsufa ne, babu abin da ba mu yi ba." Mai Kitso ta ji, ta haɗiye. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ta shiga ɗaki ta liƙe guntayen katin da salatif, ta sa a ƙasan gwangwanin man kitso.

Wata uku ta jira. Sai ga matar Kafinta ta zo kitso, ta zauna tsakanin gwiwoyinta, gumi na keto mata alhali ana sanyi.

"Zafin nan zai kashe ni, Iya," in ji matar. "Shekara guda rabona da al'ada. Likita ta ce in zo a duba ƙashina mu zaɓi magani, tun da sauran lokaci. Na gaya wa maigidan, sai ya ce a gidansa ba a shan maganin mata."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce."

Mai Kitso ta kammala layin da take kai, ta soke tsinke a gashin. Ta ɗaga gwangwani, ta ajiye katin a cinyar matar, bayansa a sama.

"Mene ne wannan?"

"Bakina na da alkawari. Idonki ba shi da shi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa."

Matar ta karanta rubutun likita. Ta juya ta ga sunan surukarta, da ranakun allura huɗu da aka sa wa hannu, da ta biyar da babu komai a gabanta. Ta bi sawun yagar da ɗan yatsa.

"Ce mana ya yi likita ta sallame ta," ta faɗa a hankali. "Wa ya yaga?"

Mai Kitso ta ɗaga kai ta dubi ƙofar Kafinta, ta ci gaba da kitso.

Da la'asar ɗin nan hoton katin ya isa wayar 'yar Kafinta, wadda Doguwa ta goya tun tana cikin tsumma, yanzu tana aiki a wani gari. Ta zo washegari da mota. Ba a yi ihu ba. Ta karɓi katin daga hannun uwarta, ta ajiye shi a kan teburin cin abinci, ta ce, "Baba, karanta da ƙarfi, ina so in ji da muryarka." Ya kasa. Ta haɗa kayan uwarta, suka tafi.

Bayan sati ɗaya Kafinta ya fito da filaya. Ya cire ƙugiyar igiya daga ƙofarsa, ya nufi bangon Mai Kitso.

"Ina za ka?"

"Ƙusoshin nan zan cire, Iya. Ba su da amfani yanzu."

"Bangon wa?"

"Naki ne, amma..."

"To bar mini kayana. Kai ka buga su da hannunka, ɗaya ƙasa da ɗaya, kai da kake gane katakon da gara ta ci tun daga ƙofar shago. Ka taɓa tambayar me ya sa?"

Ya mayar da filayar aljihu.

"Wanda bai ji bari ba ya ji hoho," in ji ta, ta tura ƙofarta.

Ga abin da dariyar shago ta ci masa. Uwa ɗaya, tana ƙasa. Mata ɗaya, tana gidan 'yarta, ta fara maganinta, ta ce ba ta dawowa. 'Ya ɗaya, da ba ta ɗaga wayarsa. Shi kuwa mai fenti, da aka ba shi labari, cewa ya yi bai ma tuna ya yi wannan wasan ba.

Ƙofar Kafinta na kallon bangon Mai Kitso, kuma babu wata hanyar fita daga gidan. Kullum da safe in ya buɗe, rana na bugun bangon a kaikaice, ƙusoshi huɗu na jefa inuwa huɗu, kowace ƙasa da 'yar'uwarta. A ta saman, wadda hannun Mai Kitso ba ya kaiwa sai da kujera, ta rataye kallabin Doguwa.