Takin da Na Tara

Ina tsakar gida ina kwashe kashin awaki maigidana ya turo babur ɗinsa, lasifikar yaƙin zaɓe na ɗaure a baya. Ko sallama bai yi da ƙarfi ba.

"Barakatu, ajiye kwandon nan," ya ce. "Alhaji Maikuɗi ya ce mu bar masa gonarsa."

"Wadda muka gama zuba wa taki?"

Ya gyaɗa kai kawai.

Gonar aro ce, ban musa ba. Amma lokacin da aka ba mu ita fako ce, wuta-wuta kaɗai ke fitowa. Ni na raya ta daga cikin gida. Toka, shara, kashin awaki, babu abin da nake bari ya salwanta. Duk rani jaki na jigila mangala-mangala, har ƙasar ta yi baƙi. Da ita muke ci.

Laifinmu ɗaya. Alhaji Maikuɗi shi ne idon Sanata a mazaɓarmu, Sanatan da ke neman zango na huɗu alhali gadar da ke fitar da mu hanyar Malumfashi tana nan a karye. Duk zaɓe sai ya zo ya tsaya a bakinta a ɗauke shi hoto, tumatirinmu kuwa ya ruɓe a tsallake. Shi ya sa da Malam Zakariya, tsohon malamin gona, ya fito takara, maigidana ya ɗaura lasifika yana bin kasuwanni, daga Ƙarfi har Funtua, sai da muryarsa ta dishe.

* * *

Na yafa mayafi na bi shi wurin mai unguwa, na raɓe a bakin zaure. Kowa a garin nan ya san al'ada: wanda ya zuba taki a gonar aro, sai ya ci amfanin daminar kafin a karɓe ta.

"Haka muka gada, Ɗanasabe," in ji mai unguwa, yana kallon ƙasa. "To amma Alhaji bai tsananta ba. Ka kwance lasifikar nan, ka manna hoton Sanata a ƙofar gidanka, gona ta zauna."

A kusurwar zauren na hango sabon babur, ko ledar kujera ba a cire ba. Nan na gane an riga an yanke shari'ar.

A hanya maigidana ya tsaya. "Guminki ne a ƙasar nan. Me kika ce?"

Raina ya ɓaci. "Malam, in ka kwance ta, gobe numfashinmu ma sai da izininsu. Kada ka kwance."

Bai kwance ba. Kafin mako ya zagayo yaran Alhaji suka shiga gonar, suka baje tarin takin da na tara.

* * *

Ana jibi zaɓe muka ji a rediyo, da bakin Malam Zakariya, cewa ya janye wa "babban yayansa" Sanata, wai don haɗin kan yanki. Ko aike bai yi mana ba. Maigidana ya tashi ya kwance lasifikar da kansa, ya jingine ta bayan rumbu. Har yau ba mu yi maganar ba.

Da damina ta yi nisa, zan tafi suna ƙauyen gaba, hanya ta bi da ni ta gefen gonar. Masara ta fi ni tsawo, ganyenta kore shar, goyo bibbiyu. Ban taɓa ganin ta yi kyau haka ba. A bakin kunya an kafa sanda da tsohon hoton Sanata, ana korar tsuntsaye da shi.

Na durƙusa na damƙi ƙasar. Har da guntun kaskon tuyata da ya fashe bara a ciki.