Garkuwar Sarkin Yaƙin Kang Entis

Duk wanda ya taɓa riƙe buroshi a Bandung ya san ba a yi wa fenti feshin kariya ranar da aka yi ruwa. Yayat ma ya sani. Shi da bakinsa ya sha gargaɗin sababbin shiga a shagon Koh Aliong, inda suke haɗuwa duk Asabar su jera 'yan mutum-mutumin mayaƙa a kan tebur, su gwabza yaƙi da 'ya'yan ludo da tef ɗin awo. Amma ranar Juma'ar nan, da ya dawo daga masallaci ya ga ruwan ya ɗan tsagaita, sai gaggawa ta rufe masa ido. Ya jera wasu 'yan mutum-mutumin barade a kan kwali a baranda, ya girgiza gwangwani, ya feshe su tas.

Da nasa ne ma da sauƙi. Na Kang Entis ne, dattijon da ya koya masa yadda ake riƙe buroshi tun yana saurayi. Shekara da shekaru Kang Entis ya yi yana fentin rundunar nan, barade masu sulke a kan dawakai, kowanne bai wuce babban yatsa ba, amma har ƙusoshin linzami sai da ya fitar. Bara hannunsa ya fara rawa, ya ajiye buroshi, ya ce har abada. Jibi kuma zai koma Balikpapan wurin 'yarsa, saboda haka wasan gobe shi ne na bankwana.

"Yat, fesa musu kawai za ka yi," ya ce lokacin da yake miƙa masa akwatin. "Yatsana ba ya iya danna kan gwangwani. Kada ka gyara min komai, na san ka da shisshigi."

Yayat ya shiga ciki ya sha kofi. Da ya fito, sai ya tarar da ɓarna. Laimar da ke cikin iska ta shige ƙarƙashin feshin, baraden nan duk sun yi fari fat, kamar an barbaɗa musu garin rogo. Jan ya dushe, ruwan zinaren ya mutu, fuskokin dawakai ma ba a gani.

"Imas!" ya ƙwala wa matarsa kira. "Imas, zo ki gani, na shiga uku!"

Ta fito da ludayi a hannu, ta leƙa. "Au, sojojin ne? Na ɗauka babur aka sace."

"Na Kang Entis ne!"

Nan take dariyar ta bar fuskarta. Ita ma ta san abin da suke a wurin tsohon. "To, maigida, ka kira Koh Aliong mana kafin ka taɓa."

Shawara mai kyau ke nan, kuma da ya bi ta da labarin ya ƙare a nan. Amma mai tsoro ba ya jin magana, hannunsa ke riga kansa aiki. Ya ɗauko auduga, ya tsoma a sifirit, kuma don tsabar rashin sa'a bai fara da kowa ba sai sarkin yaƙin rundunar, mai kan damisa a garkuwa. Ya goga sau ɗaya, farin ya tafi. Ya ƙara gogawa don murna, sai damisar ta biyo audugar. Abin da ya rage robar garkuwa ce, ruwan toka, tsirara.

Yayat ya zauna a ƙasa. Wannan damisar ita ce abu na ƙarshe da Kang Entis ya zana, lokacin hannun ya riga ya fara rawa. Kunnenta ɗaya a karkace yake, zanen fuskarta yana tafiya yana gilmawa, kuma kowa a shagon ya san dalili, shi ya sa babu wanda ya taɓa tsokanarsa a kanta.

Sai a lokacin ya kira Koh Aliong.

"Ka fesa yau? Yau ɗin nan da bangon shagona ke gumi?" in ji mai shagon. "Yat, kai da kake yi wa yara wa'azi? Saurara. Kada ka goga musu komai. Ka samu man ƙyalli na kwalba, ka shafa da buroshi a hankali, farin zai narke da kansa. Ba ka dai goga komai ba ko?"

"Koh, sai goben," in ji Yayat, ya kashe wayar.

Maganar Koh gaskiya ce. Yana shafa man, launi na dawowa, barde bayan barde, har rundunar ta koma kamar ba abin da ya same ta. Wannan ya ƙara masa baƙin ciki, domin ya ga da ya yi haƙurin kiran waya ɗaya da damisar na nan.

Da safiyar Asabar ya zauna ya sake zana ta daga hoton da ke wayarsa. Yayat gwani ne, ba a raina masa. Imas ta kawo masa soyayyar ayaba, ta duƙa ta duba.

"Kai, ta ma fi ta da kyau."

"Matsalar ke nan," ya ce, ya goge.

Ya koma ya gwada da hannun hagu don layin ya yi rawa. Ya fito a karkace kuwa, sai dai da ya ɗaga shi a haske kunya ta kama shi. Ji ya yi kamar yana kwaikwayon tafiyar gurgu a bayan idonsa. Ya sake gogewa, ya sa sarkin yaƙin a akwati haka nan, ya hau babur.

Ga kuma wata damuwar da ta bi shi har ƙofar shago. Akwai doka a teburin Koh Aliong: sojan da fentinsa bai cika ba, ba ya hawa fagen fama. Ba wani ne ya kafa dokar ba, Kang Entis ne, kuma bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Ya taɓa mayar da wani likita gida da rundunarsa guda saboda takalman sojojin ba fenti. Rundunar da ba ta da sarkin yaƙi kuwa ba ta shiga wasa.

Shagon ya cika, an kawo kofi da soye-soye, an shirya tebur da 'yan tsaunuka da ganuwa. Kang Entis na zaune a kujerarsa, hannun dama a cikin aljihun riga, yadda ya saba ɓoye shi yanzu.

"Ga ɗan kwangila ya iso," ya ce. "Na ce ko ka sayar da su ne ka gudu."

Yayat ya buɗe akwatin. Tsohon ya fara fito da su da hagu, ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙyallin ya yi yawa. Barade na ba ka, ka dawo min da farantan biki." Aka yi dariya. Ya kai hannu kan na ƙarshe, ya juya shi, dariyar ta tsaya.

"Kang, na fesa ana laima," in ji Yayat. "Na tsorata na goga. Na gwada mayar da ita, ba ta zama taka ba."

Kang Entis bai ɗago ba. Ya daɗe yana kallon garkuwar.

"Ita ce ta ƙarshe, Yat."

"Na sani, Kang."

Koh Aliong ya yi gyaran murya. "Kang, yau dai a bar dokar nan. Wa zai ce wani abu?"

"Ni zan ce," in ji tsohon. "Na kori mutane a kanta, ba zan karya ta ranar bankwanata ba."

Yayat ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ɓata zanen, ga shi ya ɓata wasan bankwanar ma.

Kang Entis ya ajiye barden a gabansa. A hankali ya zaro hannun dama daga aljihu, ya ɗora shi a kan tebur a gaban kowa, yana ta kakkarwa har 'ya'yan ludo na motsi.

"Koh, ba ni ƙaramin buroshi da ruwan ɗorawa." Ya dubi Yayat, idonsa ya yi ja. "Kai kuma mai shisshigi, matso ka riƙe min wuyan hannu. Riƙewa kawai na ce. In ka kuskura ka miƙar min da layi, sai na fasa maka kai."

Yayat ya durƙusa ya kama hannun da hannayensa biyu. Sai da buroshin ya taɓa garkuwar tsohon ya tsaya, ya yi tsaki.

"Yat, saki numfashi mana. Hannunka ya fi nawa rawa."