Rigar Mahaifiyar Kaka Tome

Da bikin yaye mu daga jami'a ya gabato, ƙawayena duk sun yi hayar hakama, tufafin gargajiya masu launi-launi da 'yan mata ke sawa ranar yaye. Ni kuwa na hau mota zuwa garin Shizunai, na roƙi Kaka Tome aron rigar mahaifiyarta, wadda ke ƙasan adaka tun kafin a haifi Mama. Baƙa ce, da ɗinkin ado a wuya da bakin hannu irin na Ainu, ƙabilarmu ta 'yan asalin yankin nan wadda aka daɗe ana rainawa.

"Ke Shiori, da ko gaisuwarki sai an kasa kunne?" in ji Kaka. "Kin yi sa'a kin ɗauko kamannin ubanki, ba mai gane ki. Me zai sa ki tona kanki?"

"Kaka, sata muka yi?"

"In kin sa ta, ba ni ba zuwa. Kallon da aka yi min tun ina yarinya ya ishe ni."

Ta juya baya. Ba ta dai hana ni ɗaukar rigar ba.

Ranar bikin a Sapporo, zauren ya cika da ja da shuɗi da ruwan hoda, ni kaɗai ce baƙa a tsakiya.  Kanako, abokiyar ɗakina, ta ja hannun rigar.

"Wasan kwaikwayo za ki yi? A ina kika yi hayarta?"

"Ta gidanmu ce."

"Au, ke Ainu ce? Mara kirki! Duk shekarun nan kina cinye min miya, ba ki taɓa faɗa ba?"

Na yi dariya, amma idona na kan kujerar da na tanadar wa Kaka kusa da Mama. Har aka tashi ba kowa a kanta.

A waje ƙanƙara ta narke ta zama caɓi, ana ta ɗaukar hotuna. Can bakin ƙofa na hango wata tsohuwa cikin kwat mai ruwan toka, ta rungume jaka. Kaka ce. Ta ratso jama'a kanta a sunkuye, ta kama gaban rigar ta fizga.

"Ji yadda kika ɗaura ta, kamar buhun dankali."

Wata mata da ke gefe ta matso da murmushi. "Kai, wannan riga ta yi kyau! Daga wace ƙasa kuka zo?"

Hannun Kaka ya tsaya cak. Na buɗe baki zan amsa, ta riga ni.

"Daga nan," ta ce, da muryar da ban san tana da ita ba. "Uwata ce ta ɗinka ta."

Sai ta ajiye jakar a cikin caɓin, ta fuskance ni. Ta ja yatsanta daga tafin hannun hagu zuwa kafaɗa, ta shafa shi a leɓenta na sama, yadda matan Ainu ke gaisuwa. A littafi kawai na taɓa gani. Na mayar mata.

"Ba haka ba, sakara," in ji Kaka. "Sake."

Na sake, kowa na kallo.